Tambaya da Amsa: Kayan da Aiki Ke Cinyewa, Me Ya Sa Ake Cire Su a Lissafin Arzikin Ƙasa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka taru a wannan karon yawancinsu magana ɗaya suke ta zagayawa, wato yadda ake auna abin da ƙasa ta samar a shekara, wanda ake kira GDP, da kuma abin da ake cirewa kafin a faɗi adadin, shi yasa nace bari in haɗa su wuri guda. Wasu na rage musu tsawo amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina aji biyu a jami'a, fannin tattalin arziki. An koya mana wai idan za a lissafa GDP sai an cire kayan da aka yi amfani da su wajen samarwa, ni kuma abin yaƙi shiga kaina, ai su ma waɗannan kayan wani ne ya yi gumi ya samar da su, to dan me za a zubar da aikinsa? Dan Allah a min bayani dalla-dalla, jarabawa ta matso.

AMSA: Ɗiyata Allah ya ba da sa'a, kuma ki kwantar da hankalinki ba a zubar da gumin kowa ba, an dai hana a ƙirga shi sau biyu ko sau huɗu ne.

Bari in fara miki da abin da idona ya gani. Na taɓa wuni a wata maɗaba'a ina jiran aiki, da safe na tarar da takardu an jibge su har kusan kafaɗata, ga gwangwanayen tawada a jere ba a fasa ba, ga gam, ga zaren ɗinkin littafi. Kafin la'asar jibgin nan ya dawo iya gwiwa, gwangwani uku sun zama fanko an wurga su gefe, mitar wuta kuwa tun safe take ta gudu. Amma injin buga littafin yana nan daram inda na same shi, gobe ma shi zai yi aiki, baɗi ma haka. To takardar nan da tawadar da gam ɗin da wutar, su ne abin da masu ƙididdiga ke kira cin tsaka-tsaki, ni dai nafi son in ce kayan da aiki ya cinye, domin ko dai sun rikiɗe sun koma wani abu kamar takardar da ta zama littafi, ko sun ƙone gaba ɗaya kamar wutar lantarki. Ba kaya kaɗai ba har da hidima, kuɗin dako, kuɗin intanet, kuɗin lauya, kuɗin talla, duk ciki. Injin kuwa ba ya ciki, zan zo kansa a tambaya ta gaba.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi, lambobin nan ni na ƙirƙire su dan misali kawai. Manomi ya sayar da auduga ta 100, amma ya kashe 30 a iri da taki da maganin ƙwari, abin da shi ya ƙara da kansa 70 kenan. Kamfanin zare ya sayi audugar a 100 ya sha wutar 20, ya sayar da zare a 180, ya ƙara 60. Masaƙa ta sayi zaren a 180, rini da wuta suka ci 30, ta sayar da yadi a 300, ta ƙara 90. Kamfanin ɗinki ya sayi yadin a 300, maɓalli da zik da wuta suka ci 40, ya sayar da riguna a 500, ya ƙara 160. Idan kika tara cinikin kowa, 100 da 180 da 300 da 500, zaki samu 1080, alhali abin da ya iso hannun masu sa riga na 500 ne kacal. Ina 580 ɗin ta fito? Audugar nan guda ɗaya ce take ta bin layi ana ƙirga ta a gona, a sake ƙirga ta a cikin zare, a sake a cikin yadi, a sake a cikin riga. Amma tara abin da kowa ya ƙara, 70 da 60 da 90 da 160, ya ba ki 380, ki ɗora 120 ɗin nan na masu taki da wuta da rini da maɓalli, sai ga 500 cif. Kinga manomin yana ciki, mai taki ma yana ciki, kowa an ba shi haƙƙinsa sau ɗaya a wurin da ya yi aikin.

Abin da kowa ya ƙara ɗin nan shi ake kira ƙarin daraja, wato abin da aka samar a cire abin da aiki ya cinye. Idan aka tara na duk masu samarwa a ƙasa, aka ƙara harajin da ke kan kaya aka cire tallafin da gwamnati ke sawa a kan kaya, shi ne GDP ta hanyar samarwa. Wannan layin ki haddace shi dan yana fitowa a jarabawa.

Sai abu biyu da nake so ki riƙe waɗanda sun fi haddar amfani. Na farko, a ce takin nan da rinin da maɓallan duk daga waje aka shigo da su, to rabon ƙasar a cikin rigar ya ragu, domin wannan ɓangaren ƙarin darajar wata ƙasa ce. Shi yasa za ki ga ƙasa tana fitar da wayoyi ko motoci na maƙudan kuɗi amma abin da ya zauna mata kaɗan ne, idan aikinta harhaɗawa ne kawai sassan kuma duk na wasu ne, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Na biyu, a ce attajiri ɗaya ya saye gonar da kamfanin zaren da masaƙar da wurin ɗinkin ya mayar da su abu guda, cinikin da za a gani a takarda zai faɗo daga 1080 zuwa 500, to shin ƙasar ta talauce ne? Ko kaɗan, riguna ba su ragu ba, ƙarin daraja tana nan 380. Wannan ne dalilin da yasa masana suka fi yarda da ƙarin daraja a kan jimillar ciniki, ita ba ruwanta da yadda kamfanoni suka haɗe ko suka rabu.

Tunanin ba na jiya ba ne. Tun 1758 wani likitan fadar sarkin Faransa, François Quesnay, ya zana jadawalin yadda dukiya ke zagayawa tsakanin manoma da masu ƙasa da masu sana'a. Wassily Leontief, ɗan asalin Rasha da ya zauna a Amurka, shi ya mayar da abin babban jadawali tun a shekarun 1930, inda kowane layi ke nuna wace masana'anta ta sayar wa wace, nawa ƙarfe ya shiga mota, nawa kwal ya shiga ƙarfe, nawa jirgin ƙasa ya ci wajen kai kwal ɗin, har aka ba shi kyautar Nobel a 1973. Tsakiyar jadawalin nan gaba ɗayanta cin tsaka-tsaki ce. Idan malaminku ya kawo ku wurin kada ki ji tsoron yawan lambobin, labarin audugarmu ne aka faɗaɗa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da ƙaramin wurin kafinta da ma'aikata tara, muna yin kujeru da tebura da gadaje. Jami'an ƙididdiga sun kawo min fom na cike, sun ce na ware kayan da muka cinye a shekara daban. Na saka albashin yara da sabon injin yanka katako da na saya a ciki sai suka dawo min da shi wai ba haka ba. To ai duk kuɗi ne ya fita daga aljihuna, mene ne bambancin?

AMSA: Maigida sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da ka tsaya ka cike fom ɗin da gaske, domin da irin takardarka ake gina adadin da ake karantawa a labarai, idan ta karkace shi ma ya karkace. Gaskiyarka ne duk kuɗi ne ya fita, a littafinka na shago ba laifi ka jera su tare, amma su tambayarsu daban ce, so suke su san nawa wurinka ya ƙara wa katakon da ya shigo.

Albashi tukuna. Yaran nan tara ai su ne suka mayar da katako kujera, aikinsu shi ne ƙarin darajar kanta, to idan ka cire albashinsu ka cire abin da ake nema a auna kenan. Ƙarin darajar da wurinka ya samar ita ake rabawa, wani kaso ya tafi albashi, wani haraji, wani ya rufe tsufan injina, ragowar ya zama ribarka. Saboda haka albashi rabo ne daga abin da aka samu, ba ya cikin abin da aka cinye. Amma ka lura da wani wuri mai santsi, idan ka sallami maigadinka ka ɗauko kamfanin tsaro kana biyansu duk wata, wannan kuɗin ya tashi daga albashi ya koma hidimar da ka saya, sai ya shiga cin tsaka-tsaki, ƙarin darajar ta koma littafin kamfanin tsaron. Wannan na cikin dalilan da yasa a ƙasashe da yawa ake ganin kamar masana'antu na ƙanƙancewa ɓangaren hidima na kumbura, wani ɓangare na abin aiki ne ya canza littafi, shara da gadi da lissafi da dako da a da ake yi a cikin gida yanzu ana sayensu a waje.

Injin kuwa jari ne. Ƙa'idar ita ce duk abin da za a yi ta amfani da shi a samarwa fiye da shekara ɗaya ba a cewa an cinye shi, ana rubuta shi a matsayin kadarar da aka ƙara, sannan duk shekara a ƙiyasta yadda ya tsufa a rubuta wannan a wani gurbi nasa daban. Katako, ƙusa, gam, fenti, soso, yadin kujera, takardar gogar katako da kan sule a wuni ɗaya a jefar, man janareta, duk waɗannan ka zuba su a gurbin da suka ce. Ƙananan kayan hannu masu araha irin su guduma da zarto da sukudireba da kake saye a kai a kai, an yarda a haɗa su da kayan da aka cinye duk da suna iya wuce shekara, dan ba wanda zai zauna yana lissafin tsufan guduma.

Gyara ma kashi biyu ne. Canza bel, zuba gris, wasa haƙoran zarto, kiran makaniki ya duba inji, gyaran yau da kullum ne ya shiga cin tsaka-tsaki. Amma idan ka sake wa injin zuciya gaba ɗaya har ya ƙara ƙarfi ko ya ƙara shekaru, ko ka faɗaɗa rumfar, wannan jari ne. Haya kuma, idan ginin shago kake haya ko motar ɗaukar kaya ko inji, hidima ka saya, ka sa ta a ciki. Idan fili ne tsura ba gini, a tsarin lissafin ƙasa kuɗinsa ba ya shiga nan, ana ɗaukarsa kuɗin da mai kadara ke samu ne kamar yadda ake ɗaukar kuɗin ruwa. Safar hannu da tabaran kariya da takalmin aiki da ka saya wa yara dan aikin ya tilasta, cin tsaka-tsaki ne. Amma abin da ka ba su dan jin daɗinsu su tafi da shi gida, ko ka biya musu kuɗin haya, wannan albashi ne da aka biya da kaya.

Sai na ƙarshe wanda nafi ganin mutane na faɗawa, lokaci. Ba ranar da ka sayi katako ake cewa an cinye shi ba, sai ranar da ya shiga aiki. Idan ka sayi falanki 400 a shekarar, ka yi aiki da 300, saura 100 na jingine a sito, to 300 zaka rubuta, ragowar su tafi gurbin kayan sito. Haka idan ka fara shekarar da ragowar bara ka cinye su bana, bana za a ƙirga su. Hanya mafi sauƙi, abin da ke sito farkon shekara, ka ƙara abin da ka saya, ka cire abin da ya rage ƙarshen shekara. Kuma farashin da zaka sa shi ne wanda ka biya har kayan suka iso ƙofarka, da kuɗin dako da ribar dillali da harajin da ba za a mayar maka ba, amma banda harajin VAT da kake cirewa daga wanda ka karɓa.

Tunda na ambaci VAT, kaga harajin nan a kan wannan tunanin aka gina shi. Kafin shi ƙasashe da dama harajin ciniki suke karɓa a kowane mataki, haraji ya hau kan haraji kamar yadda audugarmu ta hau kanta sau huɗu. Faransa ce ta fara shi a 1954 bisa tsarin wani jami'in harajinta Maurice Lauré, kowa ya biya a kan abin da ya ƙara kawai.

TAMBAYA: Malam man fetur ɗin da na zuba a motata da wanda direban tasi ya zuba, wai ba ɗaya ake lissafa su ba? Abokina ne ya faɗa muka yi ta musu.

AMSA: Ɗan'uwa abokinka ya yi gaskiya. Ba kayan ake dubawa ba, wanda ya saya da abin da zai yi da shi ake dubawa. Naka da ka zuba ka kai iyali ziyara ya kai ƙarshen tafiyarsa, amfani ne na ƙarshe, ya shiga GDP kai tsaye a matsayin abin da magidanta suka kashe. Na mai tasi kuwa zai sake fitowa a cikin kuɗin motar da fasinja zai biya, dan haka a cire shi daga cinikinsa. Ko man da ka ƙona zuwa wurin aiki kullum a naka ake sa shi, amma idan ofis ya tura ka wani gari ya biya kuɗin tafiyar, ya zama abin da ofis ya cinye. Wanda ke kabu-kabu da motar gidansa kuwa dole a raba man biyu, kuma nan ne masu ƙididdiga ke shan wuya da masu ƙananan sana'o'i, domin aljihun gida da na sana'a guda ne.

TAMBAYA: Salam Malam. Na karanta cewa akwai shekarar da Amurka ta wayi gari tattalin arzikinta ya ƙaru ba tare da an gina ko masana'anta ɗaya ba, kawai sun canza yadda suke lissafi. Ni dai a ganina wannan coge ne, ko ya kake gani?

AMSA: Wa alaikumus salam. Abin ya faru, a watan Yulin 2013 ne, hukumar da ke lissafin tattalin arzikin Amurka ta sake fasalin alƙalumanta sai GDP ɗin 2012 ya ƙaru da kusan dala biliyan 560, wato kashi 3.6 cikin 100. Amma coge ba zan kira shi ba, kuma zan faɗa maka dalili, duk da akwai inda nake tare da kai.

Babban abin da ya kawo ƙarin shi ne kuɗin bincike da ƙirƙira. A da idan kamfanin magani ya shekara goma yana kashe kuɗi a ɗakin gwaje-gwaje, ana rubuta kuɗin a matsayin abin da aiki ya cinye, tamkar wutar lantarki, an ƙona ya wuce. Sai masana suka ce anya kuwa, ilimin da aka samu ai shekara ashirin ana cin moriyarsa, ya fi kama da inji a kan ya yi kama da mai. Da aka ɗauke shi daga gurbin cinyewa aka kai gurbin jari, abin cirewa ya ragu, ƙarin daraja ta hau. Haka suka yi da asalin finafinai da littattafai da waƙoƙi masu daɗewa ana sayarwa, suka kuma yi wasu gyare-gyare na lissafin fansho. Kuma ba shekara ɗaya suka gyara ba, sun koma baya har 1929 suka gyara duka, dan kada a ga kamar an yi wani tsalle a shekara guda. Ƙasashen Tarayyar Turai ma sun bi sahu a watan Satumban 2014.

Ba su suka ƙirƙiro wa kansu ba, akwai kundin ƙa'idoji na duniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira SNA. Na farko ya fito a 1953, kuma Richard Stone na Ingila ne jagoran aikin, shi da James Meade suka tsara lissafin ƙasar Birtaniya a 1941 ana tsakiyar yaƙi, Stone ɗin ya samu Nobel a 1984. An sabunta kundin a 1968, da 1993, da 2008, sai na baya-bayan nan da aka amince da shi a 2025. Kusan duk sabuntawa sai an matsar da wannan iyakar. Na 1993 ne ya mayar da manhajar kwamfuta da binciken ma'adinai jari. Na 2008 ya ƙara bincike da ƙirƙira, ya ƙara manyan makaman soja irin su jiragen yaƙi da tankoki, amma harsashi da bam da ake harbawa sau ɗaya suna zaune a sito sai ranar da aka harba su a ce an cinye. Na 2025 ya shigo da bayanan da kamfanoni ke tarawa a kwamfuta cikin kadarori.

Inda nake tare da kai shi ne, iyakar nan mutane ne suka zauna suka ja ta, kuma akwai wuraren da ni kaina ban gamsu ba. Kuɗin da kamfani ya kashe wajen horar da ma'aikatansa har yanzu a kayan da aka cinye yake, alhali injiniyan da aka koya wa aiki zai shekara talatin yana amfani da abin da ya koya, to me ya raba shi da manhaja? Hujjarsu ita ce ilimin yana kan mutum ne kamfani bai mallake shi ba, gobe yana iya ajiye aiki ya tafi da abinsa. Na fahimta, amma wallahi abin na damuna, domin lissafin da ke kiran siminti jari ya kira koyar da mutum kashe kuɗi yana iya karkatar da tunanin masu tsara manufofi. Shi kansa Simon Kuznets, wanda ya miƙa wa majalisar dattawan Amurka rahoton farko na kuɗin shigar ƙasa a 1934, ra'ayinsa shi ne yawancin abin da gwamnati ke kashewa musamman a kan soja bai kamata a ɗauke shi amfanin ƙarshe ba, kuɗin tsare gida ne dan a samu a yi aiki, amma ba ra'ayinsa ne ya yi rinjaye ba. Saboda haka duk lokacin da zaka kwatanta ƙasa da ƙasa ko shekara da shekara, ka fara tambaya da wane kundi aka yi lissafin kowanne.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikaciyar asibitin gwamnati ce, mu da ba ma sayar da komai ya ake lissafa namu? Sannan mijina yana tambaya kuɗin ruwan da kamfani ke biyan banki yana cikin kayan da aka cinye?

AMSA: 'Yar'uwa sannunku da hidimar jama'a. Tunda ba farashin kasuwa, ana auna abin da kuka samar da abin da aka kashe, a tara magunguna da allurai da safar hannu da man janareta da sauran abin da aiki ya cinye, a ƙara albashinku, a ƙara tsufan gini da na'urori. Idan aka cire na farkon, ƙarin darajar asibitin kusan albashi ne da tsufan kadara. Raunin wannan hanya a fili yake, ranar da kika duba marasa lafiya 60 da ranar da kika duba 20 takardar kuɗi ba ta bambanta su, shi yasa wasu ƙasashe irin su Birtaniya suke ƙirga yawan jinyar da aka yi da ɗaliban da aka koyar idan za su auna ko aikin ya ƙaru.

Na maigida kuma amsar ita ce wani yanki ne kawai. Caji na fili da banki ke yanka, na tura kuɗi ko na kula da asusu, hidima ce kai tsaye ta shiga. Kuɗin ruwa kuwa raba shi ake yi. Ana ɗaukar wani ma'auni na tsakiya, galibi irin ruwan da bankuna ke caji a tsakaninsu, a ce misali 10 cikin 100 ne, kamfani kuma yana biyan 14, to 4 ɗin da ke sama ita ce ladan hidimar banki da aka ɓoye a cikin ruwan, ita ce ke shiga cin tsaka-tsakin kamfanin, 10 ɗin kuma ta tafi gurbin kuɗin da mai dukiya ke samu. Kundin 1968 jibge hidimar nan gaba ɗaya yake yi a kan wata ƙagaggiyar masana'anta da babu ita a zahiri, daga 1993 aka fara raba ta ga masu amfani da ita na gaskiya. Inshora ma haka, ba duk abin da aka biya ba, sai ladan hidimar da ya rage bayan an cire diyyar da ake biya.

TAMBAYA: Yallaɓai, cinikin kamfaninmu ya ƙaru bana amma kowa na kukan ba kuɗi, kayan da muke saye sun fi abin da muke sayarwa tashi. Shin a lissafin ƙasa za a ce mun ci gaba ko mun ci baya?

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya kawo sauƙi, abin da kake ji a jikinka lissafin ma yana ganinsa. Mu koma kan kamfanin ɗinkin ɗazu, ciniki 500, kayan da aka cinye 340, ƙarin daraja 160. Bana ciniki ya hau 550 amma yadi da wuta sun kai 420, ƙarin daraja ta sauko 130, kuma daga 130 ɗin nan za a biya albashi da haraji a fitar da riba, dole a ji kuka duk da ciniki ya ƙaru da kashi 10.

Amma ko kun ci gaba ko baya a wajen yawan aiki, wannan sai an cire tashin farashi, kuma hanyar da ta dace ita ce a cire shi sau biyu, a wanke ciniki da ma'aunin farashin riguna, a wanke kayan da aka cinye da ma'aunin farashin yadi da wuta, sannan a debe wannan daga wancan. Idan rigunan da kuka ɗinka yawansu ɗaya da na bara, yadin da kuka yanka ma haka, to a zahiri ba ku motsa ba, ƙarin darajarku ta gaskiya tana nan 160 a farashin bara, abin da ya faru shi ne rabonku ya zube zuwa aljihun masu yadi da masu wuta. Ƙasashe da yawa ma'auni ɗaya suke amfani da shi dan tattara farashin duk kayan da kowace masana'anta ke saye aiki ne ja, ita kanta Birtaniya sai a 2021 ta shigar da wankin biyu cikin lissafinta na shekara. A shekarar da mai ko ƙarfe ya yi tashin gwauron zabi, ma'auni ɗaya na iya nuna masana'anta ta faɗi alhali ba ta rage ko riga ɗaya ba, ko ya nuna ta bunƙasa a shekarar da kayan suka yi araha.

Shawarata ka ɗauko littafin shekara uku, kowace shekara ka raba kuɗin kayan da aka cinye da jimillar ciniki. A misalinmu 340 cikin 500 kashi 68 ne, 420 cikin 550 kuwa ya haura 76. Sannan ka ware manyan kaya uku da suka fi cin kuɗi, ka duba kowanne farashinsa ne ya hau ko yawan da kuke ci a kan kowace riga ne ya ƙaru, domin na farkon maganarsa da masu sayar muku ce, na biyun kuwa a teburin yanka da ɗakin inji zaka same shi.